Lissafi Daga Hannu Yake Farawa

Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli a makarantun firamare na ƙasar Katsina, kuma fiye da rabinsu a aji ɗaya zuwa uku na yi su, inda malamai da yawa ba sa son a tura su. Yanzu ƙarfi ya ja baya, ido ya yi rauni, sai zaman zaure da jikoki. Amma har gobe, in na ji uba yana cewa ɗansa ba shi da kan lissafi, sai raina ya sosu, domin ni ma na taɓa faɗin haka a kan 'yar mutane, kuma ban yi mata adalci ba.

Malamata ta farko a lissafi mahaifiyata ce, Allah Ya jiƙanta, wadda ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa takawa ba. Ƙuli-ƙuli take yi a cikin gida. Kullum da hantsi za ta ajiye mini faranti ta ce, "Ga na sule biyu nan, kasa in gani." Sai in kasa shi kashi-kashi, kowane kashi na kwabo, har ashirin da huɗu. In na dawo na zube mata sule da taro, ba ta ko duban farantin za ta ce, "To saura kashi tara, ina suke?" Ranar da aka sami takwas, sai na faɗi inda ɗayan ya shiga.

Kuɗin wancan zamani kansa makaranta ne. Ɗari rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi shida, nai tara, sule goma sha biyu, fam kuma sule ashirin. Kwabon yana da huji a tsakiya, muna zira shi a zare. Yaron da ake aika kasuwa da irin wannan kuɗi ya riga ya san sha biyu tana rabuwa gida biyu, gida uku, gida huɗu, gida shida, tun kafin wani ya rubuta masa alamar rabawa a allo. Da na shiga elementare, malaminmu yakan buɗe kowace safiya da lissafin ka, ba takarda ba fensir: "Sisi da taro, a cire daga sule, saura nawa?" Wanda ya yi jinkiri ya sha tsumagiya. Yin abin kullum shi ne alherin da ya yi mana, kuma ina yi masa addu'a a kai. Tsumagiyar kuwa ba ta ƙara wa kowa ilimi ba. Na san abokan karatuna da tsoro ya kulle musu baki, alhali amsar tana cikin kansu.

Ban daɗe da fara koyarwa ba aka canja kuɗi, ranar 1 ga Janairu 1973. Sule goma ya koma naira ɗaya, fam ya koma naira biyu, naira kuma kwabo ɗari. Mun ɗauka za a yi ta rikici a kasuwanni. Ina! Tsofaffin mata masu sayar da daddawa da kuka sun riga wasu 'yan boko ganewa. Kwabo goma suka ci gaba da ce masa sule, kwabo biyar sisi, ciniki bai tsaya ba. A shekarun nan ne kuma aka fara sauya mil da kilomita, galan da lita, yadi da mita. Littafi ya sauya, kasuwa ba ta sauya duka ba: har yau da yadi ake yankan shadda, da inci tela ke auna wuyan riga, da mudu da tiya ake awon hatsi. Saboda haka yaron ƙasar nan da ma'auni iri biyu yake rayuwa, kuma makarantar da ta koya masa ɗaya ta yi watsi da ɗayan, rabin aiki ta yi.

Sai ga shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976. Abin alheri ne, 'ya'yan talakawa da ba su taɓa mafarkin aji ba suka shigo. Amma ajina ya cika ya batse, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. A nan na yi kuskuren da na fi nadama. Na ga ba zan iya bin yara ɗaya bayan ɗaya ba, sai na koma ga hanya mai sauƙi: in rubuta jadawalin sau a allo, su yi ta rera shi da Turanci kamar waƙa. Mai wucewa ta bayan aji zai ce karatu na tafiya. Amma ka tsayar da yaro ka ce bakwai sau shida, sai ya koma bakwai sau ɗaya ya faro, in ya yi tuntuɓe a hanya shi ke nan.

A cikin wannan aji, aji uku, akwai wata yarinya mai shiru, kullum a layin baya. Duk jarrabawar lissafi sifili take ci ko abin da ya yi kusa da shi. A takardar sakamakonta na rubuta da hannuna cewa ba ta da kan lissafi. Wata ranar kasuwa ina tasha ina jiran mota, sai na hango ta da tiren dafaffen ƙwai, ba ta gan ni ba. Wani fasinja ya leƙo ta taga ya ɗauki uku, kowane ɗaya kwabo goma sha biyar, ya miƙo mata naira. Mota ta riga ta tayar. Kafin ya gama ɓare na farko ta ce, "Baba, naka sule huɗu da sisi, ga sule biyar da sisi," ta zuba masa a hannu, ta juya ga wani. Na tsaya kamar an dasa ni. A makon nan na ba su ɗari a ɗebe arba'in da biyar, ta kasa.

Washegari da aka tashi tara na kira ta. Ta zo jikinta na rawa, ta ɗauka duka ne. Na ce, "'Yata, jiya yaya kika yi kika san canjin mutumin nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai ni ba ɗebewa nake yi ba, cikawa nake yi. Sisi ya cika sule biyar, sule biyar kuma ya cika naira." Wato yarinyar tana da hanyarta, hanya sahihiya wadda duk ɗan kasuwa ke bi, ni kuwa ban taɓa tambayarta ba. Abin da ya gagare ta shi ne lambobin da na jera a allo cikin harshen da ba ta ji, da maganar aro daga gidan goma wadda ban taɓa nuna mata da wani abu da za ta taɓa ba. Kada a ɗauka yabon talla nake yi. Tallan nan ne ya fitar da ita daga makaranta tun tana aji biyar, kuma ya ci karatun 'yan mata da ba su ƙirguwa. Abin da nake faɗi shi ne, yaro ba ya zuwa aji da kai fanko, kuma malamin da bai binciki abin da ya zo da shi ba zai yi masa hukuncin zalunci.

Tun daga ranar na sake salo. Na sa kowane yaro ya zo da gwangwanin madara cike da 'ya'yan tsamiya ko marafan kwalba. Muka yanyanka tsinken kara muka ɗaure goma-goma da zare. In an ce talatin da biyu a ɗebe bakwai, yaro zai ajiye ɗauri uku da tsinke biyu, ya ga biyu ba ta isa ba, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Aron da ya gagara shekara guda, sai ga shi ya zauna cikin mako biyu. Minti goma sha biyar kawai muke yi, amma kowace safiya, Litinin zuwa Juma'a, ko da mai duba makarantu na hanya. Na gwada na gani: kaɗan kullum ya fi awa biyu rana ɗaya a mako. Da yayyafi kogi kan cika.

Darasin awo shi ne wanda na fi jin daɗinsa, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a makarantunmu. Nakan tura yara biyu, dogo da gajere, su auna tsawon aji da taku. Dogon ya ce goma sha biyu, gajeren ya ce goma sha shida. Sai gardama ta kaure, kowa na rantsuwa bai yi kuskure ba. Ina barin su su yi ta yi. Daga nan mu koma kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, mu koma gaba, wato buɗin hannuwa biyu, kullum amsa ta bambanta. Can sai wani ya ce, "Malam, a samo abu guda kowa ya auna da shi mana." To a lokacin nake fito da igiyar da na yanka daidai mita ɗaya, na yi mata ƙulli a kowane santimita goma. Yaron da ya gano da kansa dalilin da ya sa aka yi mita ba zai manta da ita ba. Haka muke yi da ruwa: in zuba kofi ɗaya a doguwar kwalba, kofi ɗaya a faffaɗan kwano, in tambaya wanne ya fi yawa. Kusan duk 'yan aji ɗaya kwalba suke nunawa. Ba na musu da su, sai in ce a juye a gani. Wani sai an juye masa sau uku a ranaku daban kafin ya yarda, kuma wannan ba daƙiƙanci ba ne, shekarunsa ne.

Hatsi ma muna aunawa. Nakan aro mudu biyu daga gidaje biyu, a cika ɗaya a juye a ɗayan, sai a ga ko ya zube ko bai cika ba. Sannan ga awon da aka shafe baki, ga wanda aka yi wa tozo. Daga nan maganar tauye mudu take shigowa da kanta, wadda sura guda a Alƙur'ani ta yi gargaɗi a kanta, yaran kuma sun san surar daga makarantar allo. Wannan ne ma ya sasanta ni da iyayen da ke ɗari-ɗari da boko. Nakan ce musu, "Alhaji, wa zai fitar maka da zakkar gona in bai san dami ɗaya cikin goma ba? Fidda kai sa'i ɗaya ne a kan kowane mutum, sa'i kuwa mudun Annabi huɗu. Gida mai mutum tara, mudu nawa ke nan? Wa zai raba gado in bai san tumuni da sudusi ba?" Da wuya uba ya ji wannan ya hana ɗansa zuwa. Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ƙirga wuri har zambar-zambar, 'yan'uwanmu na Maraɗi kuwa har yau da dala suke ciniki, dala ɗaya sefa biyar, don haka yaron can in an ce masa dala ashirin ya san ɗari ce a takarda. Sau biyar yake yi tun safe har dare bai san sunanta ba.

Harshe ma yana da nasa rabo. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake zaune, kafin a koma Turanci. Da yawanmu ba mu bi ba, don iyaye sun fi son su ji ɗansu yana ƙirga da Turanci. Alhali ƙirgan Hausa da kansa yana koyarwa. Goma sha uku ta faɗi abin da ke cikinta, goma da uku. Ashirin ba ɗaya kuwa ɗebewa ce a bakin tsohuwa. A bari yaro ya gane abin da harshensa, sunan Turancin ba zai ɗauke shi wata guda ba.

Kwanan baya jikata 'yar aji biyu ta kawo mini aikin gida, ana tambayarta naira ɗaya a cire kwabo talatin da biyar. Ta ce, "Kaka, mene ne kwabo?" Ba ta taɓa ganinsa ba. Yayanta ya zaro waya zai danna mata amsa, na riƙe hannunsa. Ba ni da faɗa da waya, ni ma da ita nake kiran 'ya'yana. Amma wanda bai iya kintace ba, in yatsansa ya ƙara sifili ɗaya, dubu biyu ta zama dubu ashirin, ba abin da zai gaya masa an yi kuskure. Na aika aka kawo 'ya'yan dabino, muka kasa goma-goma har ɗari a kan tabarma, ta kwashe talatin da biyar da hannunta, ta ƙirga saura. Da ta kai sittin da biyar ta ɗago kai tana murmushi. Yanzu kullum bayan la'asar ita ke zuwa da gwangwaninta, ba ni ke kiranta ba.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa dama a wannan aiki, ko kun yi boko ko ba ku yi ba. Gobe in za a ɗora tukunya, ku miƙa wa yaro mudun ya auna shinkafar da kansa. Ku sa shi ya ƙirga mutanen gida ya raba ƙosai, ya faɗi ledar ruwa nawa za ta cika kwalba, ya lissafa canji kafin ya fita aike. In ya yi kuskure kada ku zage shi, ku ce ya sake. Ku kuma 'ya'yana malaman aji ɗaya zuwa uku, na san albashi ba ya isa, na san aji ya yi yawa, na sha wannan kafin ku. Duk da haka ina roƙonku don Allah ku ware minti goma sha biyar na farkon kowace safiya, ku sa wa yaran abin ƙirga a hannu. Kuma kafin ku rubuta wa ɗan wani cewa ba shi da kan lissafi, ku kira shi gefe ku tambaye shi yadda yake ba da canji.