Kwarzanen da farce ke kamawa

Motar mahaifina, Allah ya jiƙansa, Peugeot 404 ce ƙirar 1972, irin wadda mutanen ƙasarmu suka sani da sunan kat-san-kat. A Yamai ya saye ta cikin 1985, daga hannun wani ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki, kuma shi da kansa ya tuƙo ta, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 600, har ƙofar gidanmu a Maraɗi. Ina da shekara biyar a lokacin. Ban riƙe kome daga wannan rana ba sai launinta: ja mai duhu, kamar ruwan zoborodo da aka dafa ya yi kauri, yana ɗaukar ido har yaro ya ga fuskarsa a jikin ƙofa.

Sa'ad da ya rasu a 2020 aka zo rabon gado, ba wanda ya yi ja-in-ja a kanta, sai ta faɗo cikin rabona. Injinta bai mutu ba. Waɗanda suka san wannan mota sun san ba ta gajiya da wuri. Ba banza ba ta ci gasar tseren Safari ta gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, kuma bayan an daina ƙera irin tamu a Faransa a 1975, aka ci gaba da harhaɗa 404 a Kenya har 1991. Fentinta ne ya mutu. Shekara biyu ta yi ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar gida, rana na dukanta, tsuntsaye na yi mata kashi, ƙurar hunturu na kwanciya a kanta, har jan nan ya koɗe ya koma kalar tsohuwar tukunyar ƙasa. In na shafa murfin injin, tafin hannuna yakan tashi da gari, kamar na gama rubutu da jan alli.

Abokan aikina sun ba ni shawara guda: in kai ta a kankare, a fesa mata farin fenti, ta fito sabuwa. Da wannan niyya na tafi wurin Kawu, ƙanen Inna, wanda ya yi shekara kusan arba'in yana gyaran jikin mota da fesa fenti. Ya biyo ni gida, ya zagaya motar sau biyu bai ce uffan ba, sa'an nan ya jiƙa yatsa da yawu ya goga a kan ƙofa. Inda ya jiƙa, tsohon jan ya leƙo, kafin iska ta busar da shi.

Ya ce, «Mushe, fentin nan na masana'anta ne, ba a taɓa sake shi ba. Sabo ko gobe ina iya fesa maka. Wannan kuwa in na kankare shi, ya tafi ke nan. Bari mu gwada gugar inji tukuna.»

Kawu yakan kira ni Mushe tun ranar da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi zolaya, kuma ban taɓa gane wanne ya fi yawa ba.

Muka jira ƙarshen Satumba na 2022, da ruwa ya fara ɗaukewa, ƙurar hunturu ba ta iso ba, makarantu kuma ba su koma ba. Lokacin yana da muhimmanci, domin guga a cikin ƙura ɓarna ce: duk ƙwayar yashin da ta faɗa tsakanin soso da fenti, injin zai yi ta jan ta yana zana da'ira. Haka kuma ba a yin aikin a rana. Muka tura motar cikin rumfar Kawu, muka wanke ta sau biyu daga rufi zuwa ƙasa, muka bar ta ta huce har ƙarfen ya yi sanyi a hannu.

A nan ne na fahimci abin da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. A zatona goge mota ƙara mata wani abu ne, kamar yadda ake shafa wa takalmi mai. Ashe ragewa ake yi. Rana tana cinye abin da ke riƙe launi a saman fenti, sai saman ya zama gari, ya yi kaushi, haske ya riƙa tarwatsewa a kansa maimakon ya dawo wa ido. Man da ake gugar da shi cike yake da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi, injin kuma yana juya soson a kansu, su aske wannan mataccen saman har a kai ga lafiyayyen fenti mai santsi. Fentin kuwa ba shi da yawa. A motocin yanzu, kaurinsa duka bai cika wuce mikiron 150 ba, mikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato kamar kaurin silin gashi biyu. Bugu da ƙari, motocin da aka ƙera daga wajajen 1980 zuwa yau galibi ana rufe launinsu da wani fenti garai-garai marar launi, wanda masu sana'ar ke kira berni, shi ne soso ke ci. Tamu ba ta da wannan rufi. Launin ne a waje tsirara, shi soso zai ci.

Kawu ya liƙe ƙarafan ado da robobin gilashi da sikoc na takarda. Ya liƙe kuma duk wata tsini da kusurwa, musamman fikafikan nan biyu na baya da aka san 404 da su, don a bisa tsini fenti ya fi siriri, kuma a can zafin soso ke taruwa. Sai ya keɓe ɗan fili a kan murfin inji, bai fi faɗin littafin ɗalibi biyu ba, ya ɗiga mai sau huɗu a jikin soso, ya shafa shi tukuna inji na kashe don kada ya fantsama, ya sa maɓallin gudu wajen juyi 1200 a minti, ya kunna. Bai danna ba. Nauyin injin kaɗai ya bari ya yi aikin, yana tafiya da shi sannu, hagu zuwa dama, sa'an nan sama zuwa ƙasa, kowane layi yana hawa rabin na baya, kuma bai bar soson ya tsaya wuri ɗaya ba ko da ƙiftawar ido. Da ya kashe ya share da tsumma mai laushi, sai ga ruwan zoborodon nan na 1985, murabba'i ɗaya, a tsakiyar tukunyar ƙasa.

Ya juyo mini soson. Fari ne da aka fara, yanzu ya yi jawur.

Ya ce, «Ka ga wannan? Motar ce ke nan. Abin da ya hau soso ba ya komawa.»

A ƙarƙashin fitilar da ya haska, na ga wani abu kuma. Inda ba a goge ba, dubban ƙananan zane ne sirara sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Na san hannun da ya yi su. Shekara talatin da biyar, kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci, Baba yakan ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar da ta kwana a kan motar, yana zagayawa da hannu cikin natsuwa, kamar mai shafa doki. Ƙurar hunturu kuwa yashi ne da aka niƙa. Kulawar da yake yi mata ita ce ta zane ta. Da ya san da haka, da ya zuba ruwa tukuna. Amma ruwa a unguwarmu a wancan zamani saye ake yi daga ƴan garuwa, kuma ban ga yadda Inna za ta yarda a shayar da mota kafin a shayar da gida ba.

Kwana uku muka yi muna aiki, in an ɗauke kuran mu zauna mu sha shayi. A rana ta biyu Kawu ya miƙo mini injin. Yana da nauyi, kuma yana da ra'ayin kansa: in ka karkata soson kaɗan, sai ya fizge ka zuwa gefe. Na koyi riƙe shi a kwance, na koyi taɓa ƙarfen da bayan hannu in ji ko ya yi zafi, na koyi tsayawa in kakkaɓe soson in ya cika. Rufin da murfin baya ni na yi su, kuma ban ji kunyarsu ba. A ƙofar direba, can sama kusa da gilashi, akwai wurin da fentin ya side ya yi fari-fari, daidai inda Baba ke ɗora gwiwar hannunsa na hagu in yana tuƙi. Kawu ya rufe wurin da sikoc ba tare da ya tambaye ni ba, ni ma ban ce kome ba.

Saura kwarzanen.

Yana gefen dama na baya, a ƙasan fiffike, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. A 1992 aka yi shi, ina da shekara goma sha biyu. Na ari keken wani abokina, birkinsa bai kama ba, ƙarfen hannun keken ya bi jikin motar. Ba wanda ya gani, a zatona. Da Baba ya fito ya tarar, ƙanena Auta ne ke wasa da gwangwani da ƙusa a gindin motar, yana da shekara takwas. Baba ba mai yawan duka ba ne, amma ranar ya yi, ni kuwa ina tsaye a zaure ina jin kukan, bakina a rufe. Ban faɗa ba a ranar, ban faɗa ba da muka girma, har aka kai Baba makwancinsa.

Kawu ya ja farcensa a kan kwarzanen, farcen ya maƙale.

Ya ce, «Wanda farce ke kamawa ya wuce aikin soso. Ya kai ƙasa. Sai dai mu tausasa bakinsa, mu bar shi.»

Da azahar ta yi ya tafi masallaci, na ce ina tafe. Ban tafi ba. Na ɗauki injin, na sa man da ya fi kaushi, na ƙara gudu, na ɗora gefen soson a kan kwarzanen, na danna. Duk abin da aka hana ni cikin kwana biyu, na yi shi cikin minti ɗaya. Da farko kamar yana ɓacewa, sai na ƙara dannawa. Warin ne ya fara gaya mini, wani ƙauri kamar na roba. Da na ɗaga, kwarzanen na nan yadda yake, a samansa kuma, kusa da tsinin fiffike inda sikoc ɗin ya yaye, ga tabo mai launin toka, girman ƙwayar goro. Jan ya ƙare a wurin, fentin ƙasa ya fito.

Da Kawu ya dawo ya duba, ya daɗe yana kallo. Ya ce, «Garin neman gira ke nan. Me ya yi maka, kwarzanen nan?» Na ce ba kome. Ya ce yana iya haɗa launi ya ɗiga a wurin da ɗan buroshi, amma sabon ja ba ya zama da tsohon ja, ko makaho zai gane. Na ce a bar shi haka. Ya shafa masa abin da zai hana tsatsa, muka wuce.

Rana ta uku ta kaki ce, kuma ita ce mai daɗi. Bayan guga fenti yana tsirara, sai an rufe shi. Na tambayi Kawu me ya hana mu sa kakin zuma, ga shi ana samunsa a kasuwa. Ya yi dariya ya ce rana za ta lashe shi. Gaskiyarsa: kakin zuma yana narkewa wajen digiri 63, kuma tun kafin nan yake yin laushi ya kama ƙura, alhali kowa ya san yadda rufin mota mai duhu ke zama a watan Afrilu a Maraɗi. Wanda ke cikin gwangwaninsa an haɗa shi da karnuba, kakin da ake samu daga ganyen wani icce dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Barazil, shi kuwa sai ya wuce digiri 80 yake narkewa. Da hannu ake shafa shi, siriri ƙwarai, domin mai yawa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. A jira ya yi hazo, a ja yatsa. In wurin ya fito tas, ya isa sharewa. Da muka gama Kawu ya watsa ruwa da hannu a kan murfin inji, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare. Ya ce in na ga ruwa ya daina yin haka, bayan wata biyu ko uku, in sake shafawa. In daina wanke ta da omo, don yana cinye kaki. Kuma kada in sake kawo masa ita gugar inji sai bayan shekaru, in ma ya zama dole.

Inna ta fito ƙofar gida da na kawo ta. Ta dafa ƙofar direba daidai wurin da ya side, ta yi addu'a, ta koma ciki.

Auta ya zo daga Damagaram a farkon Oktoba. Ya zagaya motar yana sa albarka, har ya iso fiffiken dama, ya tsuguna. Kwarzanen ya fi fitowa yanzu da kewayensa ke walƙiya, ga tabon toka a samansa kamar an yi masa alama. Na tsaya a bayansa na faɗa masa, cikin ƴan kalmomi, ban ƙawata ba. Bai juyo ba. Ya ja farcensa a kai kamar yadda Kawu ya yi.

Ya ce, «Yaya, ai ina gindin motar. Na ga keken.»

Na ce, «To me ya hana ka faɗa?»

Ya ce, «Na faɗa. Ba a yarda ba.»

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya tambaye ni ko giyar har yanzu tana maƙalewa tsakanin ta biyu da ta uku. Na ce tana yi. Ya miƙo hannu, na ba shi makulli, muka ɗauki hanyar Madarunfa, shi ke tuƙi.