Safiyar da Ta Yaudari Maharban Minisota

Ran Litinin, 11 ga watan Nuwamba, 1940, gari ya waye wa mutanen tsakiyar Amurka da wani ɗumi wanda ba su saba gani ba a bakin hunturu. A wasu wurare ma'aunin zafi ya haura 60 a lissafin Farenhait. Ga shi kuma ranar hutu ce, ranar tunawa da tsayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Saboda haka maharba ɗari bisa ɗari suka saɓi bindigoginsu, suka shiga kwale-kwale, suka nufi tsibiran Kogin Misisifi farautar agwagin daji, da yawansu ba su ɗauki ko rigar sanyi mai kauri ba.

Agwagi kuwa suka yi ta kwararowa dubbai, garke bayan garke, har maharba suka ɗauka rabonsu ne ya tsaga. Ashe tsuntsayen nan gudun ceton rai suke yi. Abin da ya koro su ya riga ya nuna halinsa tun ran 7 ga wata a can yamma, inda iskarsa ta karya sabuwar gadar Takoma. Da ya ƙetaro duwatsun Roki sai ya jawo iska mai laima daga Tekun Meksiko, ya haɗa ta da muguwar iskar sanyi ta Kanada.

Kafin la'asar ruwan sama ya koma dusar ƙanƙara, iska tana gudun mil 50 zuwa 80 cikin awa. Kogi ya tashi, kwale-kwale ba shi da ikon komawa gaɓa. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka tura nasu, waɗansu ruwa ya ci su. Sauran suka kwana a tsibiri da jiƙaƙƙun tufafi, suna ƙona duk abin da wuta za ta ci. Washegari wani matuƙin jirgin sama na garin Winona, Max Conrad, ya yi ta shawagi bisa kogin, yana jefa musu abinci da ashana, yana nuna wa masu ceto inda suke.

Jihar Minisota kaɗai ta rasa mutum 49. A Tafkin Mishigan ma'aikatan jirgin ruwa 66 suka halaka, akasarinsu a manyan jiragen kaya biyu da suka nutse ba wanda ya tsira. Gaba ɗaya an lissafa mamata wajen 145. Talotalo fiye da miliyan guda, da ake kiwo domin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, suka sandare a gonaki.

Mai karatu zai ce ai ƙanƙara ce ta yi wannan ta'adi. To, mutanen Minisota ba baƙin ƙanƙara ba ne. Da ita suka tashi, sun san yadda ake yi mata shiri. Inci 27 da ta zuba a Kolejbil ba zai kashe wanda ke zaune a ɗaki gaban murhu ba. Ɗumin safiyar nan shi ya fitar da mutane daga gidajensu, kuma wanda ya kamata ya ce musu su koma bai ɗaga murya ba. A zamanin nan labarin yanayi na yankin duka daga ofishin Shikago yake fitowa, mil ɗaruruwa daga bakin kogin, ofishin kuwa ba a kwana ana aiki a cikinsa. Abin da ya sanar shi ne za a yi sanyi matsakaici. Maharbin da ya ji wannan ya fita da 'yar riga, ba a ce masa mai ganganci ba.

Sai bayan an binne mutanen nan hukumar duba yanayi ta Amurka ta mai da aikinta dare da rana, ta kuma ƙara yawan ofisoshin da ke da iznin yin gargaɗi da kansu.