Iferwan, inda ake zuwa kallon kifi cikin rairayi



A tsibirin Zanzibar, can gabashin Afirka, akwai wata sana'a mai ban sha'awa. Mai ɗan ƙaramin jirgin ruwa yakan ɗauki baƙi biyar ko shida, ƴan gida ɗaya ko abokan juna, ya kai su kusa da wani ɗan tsibiri mai suna Mnemba, ya kashe inji. Kowa ya ɗaura gilashi a fuska, ya sa ɗan bututu a baki don shaƙar iska, ya kwanta rub da ciki a kan ruwa, ya yi ta kallon ƙasa. Abin kallon duwatsun murjani ne, da kifaye masu launi iri-iri suna shiga suna fita a tsakaninsu. Murjanin nan dangin wanda iyayenmu ke rataya wa amarya ne, kuma asalinsa ba dutse ba ne, wasu ƙananan halittu ne ke gina shi sannu a hankali, wani ma da ƙyar yake ƙara santimita 1 a shekara. Ba a kama kifin, ba a ɗebo murjanin. Kallo kawai ake saye. Af, kafin in manta, irin asusun nan na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya kai har Zanzibar ɗin tun farkon shekarun 2000, matan can ma suna da akwatinsu da ranar zubinsu.

To mu a Nijar ba mu da teku, amma sana'ar nan muna da irinta, kuma gidanta Iferwan ne, a arewacin duwatsun Abzin. Mota ce a madadin jirgi, rairayin Tenere a madadin ruwa, kuma in kin isa wurin kin sunkuya, kifi za ki gani. Sai dai nasu yana iyo, namu ya shekara dubbai da mutuwa.

Daga Agadas akan bi hanyar Arlit, kusan kilomita 240, sannan a karkata gabas a shiga duwatsu. Akwai wata hanyar ta tsakiyar dutse da ke bi ta Timiya, ta fi kyan gani, ta kuma fi karya ƙugu. Iferwan na kwance cikin kwari, dutsen Tamgak na tsaye a gefensa baƙi ƙirin. Bayan kin wuni kina ganin dutse da ƙura, sai ga garake kore shar: alkama, albasa, tumatir, masara, ga dabino na yi musu inuwa. Har yanzu akwai garkar da raƙumi ke jan wasaki daga rijiya, ya je ya dawo, ruwa na zuba cikin kwalbati, ko da yake injin ban ruwa ya ci rabin aikin. Mutanen garin Abzinawa ne, amma kada harshe ya dame ku, da Hausa muka yi cinikinmu duka.

Mu biyar muka tafi. Abu na farko da madugunmu ya faɗa mana shi ne ba a shiga Tenere da mota ɗaya. Kat-kat biyu ake ɗauka, don in ɗaya ta lalace ɗayar ta fito da mutane. Nan ne lissafin yake, kuma ku da kuka saba da akwati za ku gane shi nan take: kuɗin haya a kan mota ake yanka shi da yawan kwanaki, ba a kan mutum ba. Ko ke kaɗai ce, ko ku biyar ne, man da mota za ta sha ɗaya ne. In kun yi kaɗan abin ya yi muku nauyi. In kun yi yawa sai an ƙara mota, an ƙara ruwa, an koma ayari. Biyar zuwa shida shi ne daidai.

Wata za ta ce, me zai hana a bi babban ayari lokacin biki, ai ya fi araha? Ya fi araha kam. Amma a ayari ba ke ke da ta cewa ba. Inda aka tsaya nan za ki tsaya, in aka busa ham sai ki bar abin da kike kallo. Motar da ku kuka ɗauka kuwa, lokacin salla ya yi a tsaya, mai ciwon ƙafa ta huta, kuma akwai maganar da maza ba sa tunawa da ita: fili ne fetal babu ko kalgo, in mace za ta kewaya sai an nemo mata bayan tudu. Madugun da ya san aikinsa ba sai an gaya masa ba. A ganina wannan kaɗai ya isa a biya bambancin.

Kafin ku ba da ko dala, a zauna a fayyace abin da kuɗin ya ƙunsa. Mai, ruwan sha, abinci, mai dafawa, gawayi ko gas, tun da wurin gandun daji ne ba a saran ɗanyen itace. A tambaya ko suna da wayar Thuraya, don da kun bar gari layin salula ya ɗauke. A rubuta, a sa shaida, a ba da rabi kafin alƙalami, rabi sai an dawo.

Mun fita da sassafe muka nufi arewa maso gabas. Zangon farko Tezirzek, rijiya ce da duwatsu masu zanen dabbobi da mutane da aka sassaƙa tun zamanin da. Irin zanen nan ya cika Abzin: shanu, jiminu, raƙuman dawa. Mafi shahara su ne raƙuman dawan Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, babban ya haura mita 5. Tun daga nan tambaya ke fara zuwa: me raƙumin dawa zai ci a wannan ƙasa?

Daga nan dutse ya fara ja da baya, rairayi ya karɓa. Direbobi suka sauka suka rage iskar tayoyi, wai don motar ta yi lamfo a kan yashi kada ta nutse. Ta dai nutse sau ɗaya, aka tona, aka shimfiɗa faranti na ƙarfe, muka tura har da mu. Da la'asar muka isa Temet, a gindin dutsen Gerebun, inda tudun rairayi ke kai kusan mita 300. Ɗaya daga cikinmu ta ce sai ta hau. Ta kai kamar sulusi ta zauna, ta dawo da gindi. Da dare mai dafa abinci ya kwaɓa garin alkama, ya share garwashi, ya binne ƙullin cikin rairayi mai zafi ya mayar da wuta a kai. Tagilla ke nan. Aka tono ta, aka kakkaɓe, aka gutsuttsura cikin miya, kuma ko tsakuwa ɗaya ban tauna ba. Sanyin dare kuwa, bargo biyu bai yi yawa ba.

Washegari muka kai Adrar Bus, wani dutse da ke tsaye shi kaɗai a bakin Tenere. A nan aka kashe inji. Madugu ya ce mu sauka, mu tafi a hankali, mu duba ƙasa. Da farko ba ki ganin komai sai tsakuwa. Can idonki ya saba. Wannan ba tsakuwa ba ce, tsingaron tukunya ne, ga adon da aka danna masa tun yumɓun na ɗanye. Wancan koren dutsen an feƙe shi ne, kan kibiya ne. Ga gutsattsarin ƙashi fari fat. Ga ƙasa mai toka-toka da ke murmushewa a hannu kamar alli, wadda laka ce ta gindin tabki. Muna tafe ne a inda da sai da kwalekwale.

Kusan shekara 10,000 da suka wuce damina tana kaiwa har nan. Akwai tabkuna da ƙoramu da ciyawa, Tabkin Cadi ma a lokacin ya ninka na yau sau da yawa. Daga baya ruwan sama ya riƙa ja kudu, zuwa kamar shekara 5,000 da suka wuce ƙasar ta kama bushewa. Masu binciken da suka yi aiki a Adrar Bus a 1970, ƙarƙashin wani Bature mai suna Desmond Clark, sun samu zago na ƙashi irin na sukar kifi, da ƙasusuwan kifi da na dorina, har da ƙwarangwal ɗin saniyar gida kusan cikakke. Wato an yi Sarkawa a nan, daga baya aka yi makiyaya.

Akwai wani wurin can kudu mai suna Gobero, ba ya kan wannan hanya, amma labarinsa ya dace da nan. A shekarar 2000 ayarin wani Ba'amurke, Paul Sereno, suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da, sai suka faɗa kan maƙabarta a bakin tsohon tabki, kabari kusan 200. An samu ƙasusuwan giwan ruwa da na kada. An samu yarinya da awarwaron haƙorin dorina a dantse. An kuma samu wata mata da yara biyu, ɗan shekara kamar 5 da ɗan shekara kamar 8, an kwantar da su suna fuskantar juna hannuwa a sarƙe, kuma alamu sun nuna a kan furanni aka shimfiɗe su. Shekara sama da 5,000 ke nan. Da madugu ya ba mu wannan labari babu wadda ta ce uffan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai a Adrar Bus shi ne dutsen niƙa. Yana nan ajiye, tsakiyarsa ta lotsa don amfani, ɗansa na gefe. Babbar cikinmu ta durƙusa ta kama ɗan, ya zauna mata a hannu daram, ta gwada niƙa sau biyu. Sai ta ce a bar mata shi ta kai gida tsaraba. Madugu ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, in kowace baƙuwa ta ɗauki ɗaya, me zan nuna wa jikokinki in sun zo?" Ta mayar da shi inda ta same shi.

Maganarsa ba ta ladabi kaɗai ba ce, ta abinci ce. An daɗe ana kwasar kawunan kibau da duwatsun nan ana sayar wa baƙi, har wasu wuraren an share su tas, ko da yake tun 1997 akwai dokar ƙasa da ke kare kayan tarihi. Ban ga laifin yaron da yunwa ta sa ya tsinta ya sayar ba. Amma kan kibiya sau ɗaya ake sayar da shi, wanda aka bari a ƙasa kuwa duk shekara ana biyan kuɗin mota a zo a gan shi. Haka masu jiragen Zanzibar ke fama da baƙon da zai taka murjani ya karya ginin shekara da shekaru. Can da nan, mutum biyar jagora na iya sa musu ido, arba'in ba ya iyawa.

Iferwan ta san abin da ake nufi da baƙi su ɗauke ƙafa. Gandun dajin Abzin da Tenere, mai faɗin eka... a'a, hekta miliyan 7.7, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1991, shekara ɗaya bayan haka aka sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawaye. A wannan hargitsin aka ƙarar da jiminun daji. Abubuwa sun farfaɗo, aka fara bikin Abzin a garin a 2001, jirage na sauke Turawa a Agadas. Sai a Fabrairun 2007 aka kai hari barikin sojan Iferwan, tawaye na biyu ya tashi, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, yawancin mutanen gari suka watse zuwa Arlit da Agadas da cikin duwatsu. An samu lafawa a 2009, amma sace ma'aikata a Arlit a Satumbar 2010 ya ƙarasa korar baƙin waje. Direbobi da yawa sun koma haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten tun daga 2014. Maza ke nan, masu mota. Matan da ke ɗinka jakunkunan fata da ƴan akwatunan ado don Turawa fa, ina za su?

Mun zauna da wasu matan ƙungiya a garin, muka sha shayi. Abin da na fahimta shi ne waɗanda suka tashi da wuri su ne waɗanda suka koma ga kayan da maƙwabta ke saye ko da baƙo ko babu: cuku, tabarmi, kauɗar tumatir, albasa. Kayan ado suna nan ana yi, amma ba a zuba musu dukan jari, kuma ba a cin bashin asusu a kansu sai biki ya matso. Bikin na nan ana yi lokacin sanyi, da tseren raƙuma da kiɗan tande, kuma yanzu ƴan ƙasa ne suka fi cika shi. Kuɗinmu bai kai na Turawa ba, amma mu ba sai ofishin jakadanci ya ba mu izini ba.

Ƙungiyar da ke sha'awar zuwa, shawarata kada a taɓa uwar kuɗi ko asusun taimako. A buɗe zubi na daban da sunan tafiyar, masu zuwa kaɗai su zuba. Lokacinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da bazara ko kyauta aka ce ku zo kada ku je. Kafin a tashi a tuntuɓi hukuma a Agadas da Iferwan da ma'aikatan gandun daji kan halin tsaro, in suka ce hanya ba ta buɗe ba a haƙura, a tsaya garake da gindin Tamgak, su ma sun isa kallo. Madugu ya zama ɗan ƙasar, kuma kada mota ta kauce daga inda ya nuna. A riƙe bargo, safa, man kaɗe don kaushi, da maganin mai hawan jini na kwanakin duka har da ƙari. Cuku kuwa a saya ranar dawowa, a hannun matan da suka yi shi, a sa cikin jakar tsumma, don a leda gumi yake yi.