Muryar Ƙanena da Zaɓen Makaranta

Ƙanena ne ke jan ƙasida ranar walimar sauka a makarantarmu. Bana ya ce shi fa waƙa zai karanta. Baba ya ce gidansa ba a taɓa haihuwar maroƙi ba. To, ni aka sa a tsakiya.

Na bincika. Jami'ar Nsukka na da sashen kiɗa tun 1961, ana koyar da na Turawa da na Afirka. Yaron kuwa da maƙamat ɗin Larabawa ya tashi: Bayati, Hijaz, Rast. Tushen koyonsu yana Alƙahira.

Na ce masa, "Saurari malamin tukuna, ka ji ko kunnensa zai kama kuskurenka."

Baba dai bai amince ba har yau. Taya mu addu'a.