A Ɗakin Gwajin Faraday da ke Landan

A titin Albemarle na unguwar Mayfair a Landan akwai ginin Royal Institution, cibiyar kimiyya da aka kafa a 1799. Galibin baƙi babban zauren lacca suke zuwa gani. Ni kuwa ƙasan ginin na gangara, inda aka adana ɗakin gwajin Michael Faraday a gurbinsa na asali. Ɗan ƙaramin ɗaki ne cike da kwalabe, ga kuma ƙaton maganaɗisun lantarkinsa, wanda aka ƙera da zoben sarƙar angar jirgin ruwa aka naɗe shi da waya.

A nan ne, cikin Nuwamba 1845, Faraday ya rataye wani guntun gilashi mai nauyi, mai haɗe da dalma, tsakanin bakunan maganaɗisu biyu. Da baƙin ƙarfe ne, da sai ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan. Gilashin kuwa ya juya ya gitta, yana kauce wa inda ƙarfin ya fi yawa. Faraday bai tsaya nan ba. Ya rataye itace, da nama, da tuffa, da burodi, duk suka kauce, wani ƙarfe mai suna bismut ya fi su duka. Wannan nacin nasa ya taɓa zuciyata ƙwarai, domin da shi ya nuna cewa babu abin da maganaɗisu bai shafa ba. Wasu abubuwa jawo su yake, wasu ture su, sai dai a mafi yawansu motsin ya yi ƙanƙantar da ido ba ya kama shi.

Yau masana suna auna wannan hali da lamba guda, ma'aunin amsawar abu ga maganaɗisu. Na ruwa kusan 9 ne cikin miliyan, ƙasa da sifili, wato turewa ce mai rauni. Na alminiyam kusan 22 ne cikin miliyan, sama da sifili. Na baƙin ƙarfe mai laushi kuwa dubbai ne. In aka ƙara ɗaya a kan lambar, sai a sami ma'auni na biyu, wato sauƙin da maganaɗisu ke samu wajen ratsa abu idan aka kwatanta da sarari fanko. Shi ya sa ake cika cikin taransifoma da fallayen ƙarfe: suna tattara ƙarfin wuri guda kamar yadda kwata ke tattara ruwan sama.

Raunanan lambobin ma suna da aiki babba. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell sun gano cewa sinadarin jan jini yana janyuwa zuwa maganaɗisu bayan ya sauke iskar oksijin, amma yana kaucewa lokacin da yake ɗauke da ita. A kan wannan ɗan bambanci Seiji Ogawa ya ɗora, a 1990, dabarar da ta kai ga na'urar MRI tana nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki yayin da mutum ke magana ko motsa hannu.