Layi Uku da Suka Sauke wa Debian Kaya

Duk wanda ya taɓa rubuta apt install a kwamfutar da ke aiki da Debian ko Ubuntu, ya jingina yana jiran manhaja ta sauka, ya ci moriyar wani aiki da bai gani ba. Kafin manhajar ta iso gare shi, sai da wani ya ɗauko rubutunta na asali, ya harhaɗa shi, ya ajiye kowane fayil a mazauninsa, sannan ya ɗaure komai cikin ƙunshi guda. Umarnin wannan ɗauri yana zaune ne a wani fayil mai suna debian/rules.

A farkon rayuwar Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, kowane mai kula da ƙunshi da hannunsa yake rubuta fayil ɗin nan. Shi zai matse takardun bayani, shi zai daidaita izinin fayiloli, shi zai cire alamomin da masu farautar kuskure kaɗai ke buƙata. Aikin ɗaya ne, amma mutum ɗari sun rubuta shi ta hanya ɗari. Illar ta fito fili lokacin da aka yanke shawarar mayar da takardun bayani daga /usr/doc zuwa /usr/share/doc: ƙaurar da a baki ba ta kai minti ɗaya ba, sai da ta ci shekaru.

A 1997 Joey Hess ya fito da debhelper. Kafin shi akwai debstd, wanda ke yin komai a dunƙule, ta yadda wanda yake son sauya mataki ɗaya sai ya yi kokawa da dukkan sauran. Hess ya bi wata hanya dabam. Ya rubuta ƙananan mataimaka, kowanne da aikinsa guda: dh_compress ya matse, dh_fixperms ya gyara izini, dh_strip ya rage nauyi, dh_installdocs ya kai takardu inda doka ta ce. Idan dokar ta sauya, mataimakin ake gyarawa, duk ƙunshin da ke kiransa kuma ya gyaru a gini na gaba.

Sai dai fayilolin sun ci gaba da tsawo, domin kowa yana jera sunayen mataimakan ɗaya bayan ɗaya, galibi ma kwafowa yake daga maƙwabci. A 2008, cikin debhelper na 7, Hess ya ƙara umarnin dh, wanda ya san jerin da kansa, yake kuma gane irin tsarin ginin da manhaja ke amfani da shi. Fayil mai layi sittin ya koma layi uku. Wanda ƙunshinsa ke da wata ɗabi'a ta musamman, sai ya rubuta sauyin wannan mataki kaɗai, ya bar sauran. A nan hikimar take, kuma ba a cika yaba mata ba: abin da ya rage a fayil ɗin shi ne abin da ya bambanta ƙunshin da 'yan'uwansa, don haka idon mai dubawa yana sauka daidai inda ya kamata.

Ribar ta zo daga baya. Da masu neman a riƙa samun sakamako iri ɗaya a duk lokacin da aka sake gina manhaja suka tashi aiki, ba su bi ƙunshi dubbai ƙofa ƙofa ba. Sun saka dh_strip_nondeterminism cikin jerin. A 2019 kundin dokokin Debian ya fito ya ba da shawarar amfani da dh. Don kada sabon hali ya rusa tsohon ƙunshi kuwa, kowane ƙunshi yana bayyana matakin debhelper da ya amince da shi, kamar 12 ko 13, ba ya hawa na gaba sai mai kula da shi ya shirya.

Amma sauƙi yana da kuɗinsa. An samu masu haɗa ƙunshi da ba su taɓa ganin abin da ke gudana a bayan layi ukun ba, kuma ran da gini ya karye sai su tsaya cirko-cirko. Mafi nauyi, matakin gini ya zama wurin da ido ba ya yawan zuwa. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz. Ba laifin debhelper ba ne, domin a cikin rubutun ginin xz ɗin kanta aka binne tarkon. Abin lura shi ne yadda tarkon ke zaɓar lokacin tashi: yana dubawa ko ana gina ƙunshin RPM, ko kuma akwai fayil mai suna debian/rules a kusa.

Hess ya bar Debian a 2014, kulawar debhelper ta koma hannun wasu, musamman Niels Thykier. Debian 12, wadda ta fito a 2023, ta zo da ƙunshi fiye da 60,000, kuma mafi yawansu ta hannun waɗannan mataimaka suka bi.