Digirin Dirama: Daga Kusada Zuwa Samaru

Da yaron nan ɗan Kusada ya samu gurbin karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kawun sa na Kankiya, mai biya masa kuɗin makaranta, cewa ya yi, "Kai ɗan nan, rawa da waƙar ma sai da digiri? Ai Ali Nuhu jogirafi ya karanta a Jos!"

Shi kan sa yaron ya zaci da zuwa za a miƙa masa kyamara. Ina! A Samaru dandalin wasan ma ginin ƙasa ne irin zaurukan mu, tun na shekarun 1970. Karatun shekara huɗu ne: tarihin wasa, rubutun labari, sarrafa murya, ga rihazal har dare. Sannan a tura ɗalibai cikin jama'a su ji damuwar su, ta ruwa ce ko ta taki, su mai da ita wasa. Wannan darasin kam 'yan industiri na buƙatar sa.

Yanzu ya na aji uku. Ya rubuta labari kan rikicin gadon gona, babu waƙa ko ɗaya. Furodusan da ya kai wa a Kano ya ce labari ya yi, amma sai an saka waƙa uku.